Mai Gida a Ƙofar Ɗan Haya

Ƙarfe biyu saura na dare a Jidda,
ofishin jigilar kaya, can bayan Bab Makka.
Na'urar sanyi tana ɗiga cikin gwangwanin madara,
ni kaɗai, sai kwamfutar da ke riƙe da lissafin kowa.

Faifai ya cika har baki.
Da asuba akwatunan alhazai ɗari huɗu za su nemi lamba,
Abu Nawwaf kuma ba ya son jin
"wallahi laifin na'ura ne."

Akwai wata manhaja mai zane
da ke shimfiɗa faifai kamar gona, kunya-kunya,
ka ja iyaka da yatsa, fili ya ƙaru.
Ita na kira.
Ba da sunana ba, da sunan rut,
saiwar da duk reshe ke sha daga gare ta,
mai makullin kowane ɗaki,
wanda in ya ce a goge, ba mai cewa don me.

Na buga umarni. Na jira.
Ba taga, ba ƙyalli,
sai layi ɗaya fari a kan baƙin allo:
ba a iya buɗe fuskar ba.

Na sake, kamar mai tada babur da sanyi.
Na cire ta, na dasa sabuwa.
Na kashe, na kunna, na karanta Fatiha a tsakani.
Na tone kundin kurakurai layi-layi
har idona ya fara ganin tururuwa.
Na faɗa mata lambar allon, sifili ne, ga shi nan,
ta ce ta ji,
amma wa ya ba ka izini?

Izini! Ni?

Sai ga Baba Tanimu mai gadi da shayi,
takari tun zamanin da ake zuwa ta ruwa,
bai san linzamin kwamfuta daga sabulu ba.
Ya ce, yaro, da wa kake faɗa?
Na ce, mai gida ne aka hana shiga ɗaki.
Ya hura kofinsa, ya ce, ɗakin wa?

Na duba kusurwar allo.
Sunan Jibir ne a wurin, akawun dare,
wanda ko agogon na'urar bai isa ya gyara ba.
Shi ya shiga da magariba, shi aka ba fuskar,
ya tafi cin kabsa ya bar ta a kunne.

Baba ya ce, shekara talatin ina haya a Ƙarantina.
Ginin na Balarabe ne, ƙasar tasa ce,
amma in ya zo karɓar kuɗi
a bakin labule yake tsayawa.

Na ajiye rawanin da na ara.
Na koma ƙaramin suna, na rubuta layi guda:
a bar rut ya shigo, shi kaɗai,
ba duk mai wucewa ba.
Sannan na sake kira.

Ta buɗe.
Taga toka-toka, ba ko neman gafara,
ga gonar nan, ja ya cinye ta.
Na ja iyaka, kore ya dawo.
Da na gama na mayar da labulen yadda na same shi.

Shayin ya huce, ya yi fata.
Na laluba aljihu neman riyal biyu,
hannuna ya ci karo da katin iƙama,
saura kwana goma sha tara,
sa hannun kuma na Abu Nawwaf ne.

A waje ladan yana gyara murya.
Jibir ya shigo yana sakace haƙori,
ya ce, lafiya dai? Ba abin da ya faru?
Na ce, babu.
Na tashi na ba shi kujerarsa.